Faifan DVD na tsayawa: duba DMA kafin ka canza na'ura

Wani yaron shagon gyaran kwamfuta a unguwar Nima da ke Accra ya tambaya: "Maigida, an kawo tsohuwar kwamfuta mai Windows XP da aka saya a kasuwar Circle. In aka sa faifan DVD sai hoto ya riƙa tsayawa, sauti na sarƙewa, har linzami ya yi nauyi. In canza na'urar faifan ne?"

Ajiye sukundireba tukuna, yarona. Galibi na'urar lafiyarta ƙalau, hanyar miƙa bayanai ce ta koma PIO.

Na'urar faifai mai faffaɗar waya, wato IDE, hanya biyu take bi. A PIO, furosesa ce ke dakon bayanai da kanta, kamar mai shago ya bar kanta ya koma ɗaukar kaya, shi ya sa komai ke nauyi. A DMA kuwa, bayanan kai tsaye suke zuba cikin RAM. PIO mafi sauri, mataki na 4, iyakarsa megabait 16.6 a sakan. Ultra DMA mataki na 2 yana kai 33. DVD mai gudun 16x yana neman wajen 22, ka ga inda gizo ke saƙa.

Shiga Device Manager, buɗe IDE ATA/ATAPI controllers, danna Secondary IDE Channel sau biyu, don yawanci can ake jona na'urar faifai. A shafin Advanced Settings, mayar da Transfer Mode kan DMA if available, ka sake tayar da kwamfutar. Amma layin ƙasansa, Current Transfer Mode, shi ke faɗin gaskiya. In ya nace kan PIO Mode, Windows ce ta kulle shi da gangan: in ta ƙirga kuskuren karatu ko na jinkiri har 6, sai ta riƙa rage gudu mataki-mataki har ta sauka PIO, kuma ba ta komawa sama don kanta. Maganinsa, ka yi wa wannan Channel ɗin Uninstall, ka sake tayarwa. Za ta gano shi sabo, ƙirgen ya goge.

To, me ya jawo kuskuren? In ba ka gano ba, jibi mai kaya zai dawo yana faɗa. Faifai mai zane-zane shi ne na farko, sai ƙurar hunturu a idon na'urar, sai waya. Zare ta ka duba ko ta karye a lanƙwasa, ko wani fil ya kwanta. Mai zare 40 da mai zare 80 bakinsu ɗaya, amma mai 40 ba ta wuce Ultra DMA mataki na 2. Na'urar buga DVD mai Ultra DMA mataki na 4 sai mai 80. Shuɗin baki a kan bod, wato babban allon kwamfutar, baƙi ga Master (na'ura ta farko a kan wayar), ruwan toka ga Slave (ta biyu), tsawo kada ya wuce inci 18. In na'ura biyu ke kan waya ɗaya, duba jamfa a bayansu, wato 'yar hular da ake sa wa fil don zaɓen Master ko Slave, kada dukansu su zama Master.

Na'urar SATA, mai siririyar waya, ba ta da jamfar Master da Slave, kada ka ɓata lokaci nemanta. In duk ka yi wannan PIO bai tafi ba, shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, ka tabbata DMA na wannan tashar yana kan Auto, sannan ka gwada na'urar a wata kwamfutar kafin ka ce wa mai kaya ya sayo sabuwa.