Hukuncin barin horar da ciki don rage ƙiba a koma cin girkin gida daidai gwargwado

TAMBAYA

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, kuma tun bayan haihuwata ta uku jikina ya buɗe. Shekara biyu ke nan ina fama da neman rama: na daina cin tuwo da shinkafa, na sha shayin rage teɓa da ake talla a waya, na riƙa azumin Litinin da Alhamis, amma gaskiya rabin niyyata neman ramar ce. Idan na jure mako biyu ko uku sai jiri ya riƙa ɗibana a cikin salla, daga nan sai in fasa, in koma ci fiye da da. Na je asibiti an auna ni, an ce ba ni da ciwon suga, jinina ne ya ɗan hau, kuma ma'aikaciyar ta ce in bar wannan wahala, in riƙa cin abin da nake dafa wa iyalina daidai gwargwado, in rage gishiri da lemon kwalba. Amma wata ƙawata ta ce ƙiba alamar bin son zuciya ce, har hadisi ya zarge ta. Shin akwai laifi a kaina idan na bar horar da cikina? Kuma mene ne matsayin azumin da na yi?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullahi wa barakatuh. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yar'uwa, babu laifi a kanki idan kika bar wannan tsari da kika ɗora wa kanki, kuma shawarar da aka ba ki a asibiti ita ce ta fi dacewa da koyarwar Alƙur'ani da Sunna a sha'anin ci da sha. Idan har yunwar da kike zama da ita tana kai ki ga jiri a cikin salla, ko tana raunana ki ga barin haƙƙin mijinki da 'ya'yanki, to barinta ya wuce halas ya zama abin da ake nema daga gare ki, domin Allah Maɗaukaki ya ce a Suratul Baƙara aya ta 195 kada ku jefa kanku cikin halaka da hannayenku.

Asalin wannan mas'ala yana cikin Suratul A'araf aya ta 31, inda Allah ya ce ku ci, ku sha, kada ku yi ɓarna, lalle shi ba ya son masu ɓarna. Ayar ta fara da umarnin ci kafin ta zo ga hanin wuce iyaka, kuma ayar da ke bi mata ta tambaya da sigar inkari cewa wane ne ya haramta adon da Allah ya fitar wa bayinsa da daɗaɗan abubuwa na arziki. A Suratul Ma'ida aya ta 87 kuma aka hana muminai haramta wa kansu daɗaɗan abubuwan da Allah ya halatta musu. Gaskiya ne cewa wanda ya bar tuwo don neman rama bai ce tuwo haramun ba ne, saboda haka ba za a ce ya shiga ƙarƙashin hanin wannan aya kai tsaye ba; amma matsalar tana farawa a lokacin da mutum ya wayi gari yana jin kamar ya yi saɓo don ya ci malmala ɗaya ta tuwon dawa, yana ganin yunwar da yake sha wata daraja ce a wurin Allah. Muslim ya ruwaito daga Anas, Allah ya yarda da shi, cewa daga cikin mutanen da suka tambayi matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yadda ibadarsa take a ɓoye, akwai wanda ya ce shi ba zai ƙara cin nama ba, kuma Annabi bai yarda da wannan ba, har ya ce duk wanda ya ƙi sunnarsa ba ya tare da shi. Shi kansa yana son zuma da abin zaƙi, yana son naman karfata, Anas ya gan shi yana bin gefen akushi yana tsintar kabewa, kuma bai taɓa kushe abinci ba: idan yana sha'awa ya ci, idan ba ya so ya bari.

Ma'aunin da Shari'a ta bayar na adadi ne da ladabi, kuma yana cikin hadisin Miƙdam ɗan Ma'adi Karib wanda Tirmizi da Ibn Majah da Ahmad suka ruwaito, cewa ɗan Adam bai cika wani mazubi mafi sharri irin cikinsa ba, 'yan lomomin da za su tsayar da gadon bayansa sun ishe shi, idan kuwa babu makawa to kashi ɗaya cikin uku na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar nan ya ci karo da wannan rabo a babin abinci da abin sha na Risalar Ibn Abi Zaid, inda aka lissafa shi cikin ladubban ci. Ki lura da cewa hadisin bai ware wani nau'in abinci ya ce a guje shi ba, bai kuma sa wa'adin mako biyu ko wata uku ba. Ma'auni ne na kowace rana har ƙarshen rayuwa, kuma an ɗaura shi da abin da zai tsayar da gadon baya, wato ƙarfin tsayuwa ga salla da aiki. Wadda take jin jiri a raka'a ta biyu ta gaza kaiwa ga ma'aunin, kamar yadda wadda ta cika ciki har numfashi ya yi mata wuya ta zarce shi, kuma abin da kika ba da labari ya nuna kina kaiwa da komowa ne tsakanin waɗannan gefuna biyu, ɗaya yana haifar da ɗaya.

Wannan ba ya nufin cewa ƙaurace wa wani abinci ba shi da gurbi a addini. Malamai suna kiransa himya, kuma hujjarsa hadisin Ummul Munzir ne a wurin Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah, cewa Annabi ya hana Sayyidina Aliyu cin dabino lokacin da yake murmurewa daga jinya, da aka kawo dafaffen ganye da sha'ir kuma sai ya ce masa ya ci wannan, shi ya fi dacewa da shi. To amma dalilin hanin a bayyane yake, rashin lafiya ce, kuma an ba shi madadi a take. Saboda haka mai ciwon suga ko ciwon ƙoda wanda likita ya iyakance masa wasu abubuwa, ya bi maganar likita, hukuncinsa daban ne da naki. Ke kanki kina da rabonki na himya, shi ne rage gishirin da aka ce ki yi saboda jininki, tare da komawa a riƙa auna ki. A nan ya kamata in faɗakar a kan maganar nan da ta yaɗu a bakin masu tallar magunguna cewa ciki shi ne gidan cuta, himya kuma ita ce kan magani: ba hadisi ba ce, Ibnul Ƙayyim ya bayyana cewa maganar likitan Larabawa ce, Haris ɗan Kalada. Haka nan "ku yi azumi ku samu lafiya" malaman hadisi sun raunana shi. Shi kuma shayin da ba ki san abin da aka haɗa a cikinsa ba, wanda galibi aikinsa sa gudawa ne da fitsari, bai halatta ki ci gaba da shansa ba muddin kin ga cutarwarsa, kuma hukuncin ɗaya ne da na ƙwayoyin "sha ka fashe" da wasu 'yan mata ke sha don neman ƙiba.

Game da maganar ƙawarki, hadisin da take nufi ingantacce ne, na Imrana ɗan Husaini a Buhari da Muslim, inda bayan ambaton mafi alherin ƙarnuka aka siffanta waɗanda za su zo daga baya da ha'inci da rashin cika alwashi, aka ce kuma ƙiba za ta bayyana a cikinsu. Sai dai Imam Nawawi ya kawo bayanin malamai cewa abin zargi shi ne ƙibar da mutum ya nema da kansa ta hanyar zarce iyaka a ci da sha, amma wanda halittarsa ce haka bai shiga ciki ba. Jikin mace yana sauyawa da ciki da haihuwa da shayarwa da shekaru, kuma mutum biyu suna iya cin kwano ɗaya, ɗaya ya yi jiki ɗayan ya tsaya kamar kara. Abin da za a tambaye ki a kansa shi ne aikinki, wato me kika ci, daga ina, kuma har yaya. Neman daidaita jiki da abinci na halal kuwa ba shi da laifi ta kowane ɓangare, domin Nana A'isha ta ba da labari, a ruwayar Abu Dawud da Ibn Majah, cewa mahaifiyarta ta nemi ta yi jiki kafin tarewa, ta riƙa ba ta kokwamba da ɗanyen dabino har ta yi jiki.

Azumin da kika yi ingantacce ne in Allah ya so, tunda kin ce kin yi niyyar ibada tare da fatan rama. Imam Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bambanta tsakanin riya, wadda ke ɓata aiki, da haɗa ibada da wata manufa ta halal wadda ba neman yabon mutane ba ce, ya kuma kawo misalin wanda ya yi azumi don jikinsa ya samu lafiya, ya ce wannan ba ya ɓata azuminsa, ya kafa hujja da umarnin da aka yi wa samarin da ba su da halin aure cewa su riƙa azumi. Iyaka dai ladan wanda ya tsarkake niyya ya fi cika. Ranar da kuwa babu komai a zuciya sai ramar, to kame baki ne kawai, ba a kiransa azumi. Idan za ki ci gaba da Litinin da Alhamis, ki yi sahur, ki gaggauta buɗa baki, kada ki haɗa kwana biyu babu ci domin an hana wisali, kuma ki nemi izinin maigidanki idan yana gari, kamar yadda hadisin Abu Huraira ya shar'anta a azumin nafila.

Sauran magana ita ce yadda za a aiwatar da sulusin nan, wato rabon ciki kashi uku, a tukunyar gida, domin fatawar da ta tsaya a kan "halas ne" ba za ta raba ki da abin da kike ciki ba. Abincin da iyayenmu suka saba da shi yana da daidaito a cikinsa idan ba a ɓata rabonsa ba: tuwon dawa ko gero da miyar kuka ko kuɓewa ko taushe, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli-ƙuli, faten wake da alayyafo, dambu, ɗanwake, fura da nono. Abin da ya lalace a gidaje da yawa shi ne tuwo ya cika kwano miya ta zama ta shafawa, ko a tara shinkafa da taliya da doya a rana ɗaya babu ganye ko kaɗan, mai ya yi iyo a saman miya, a bi da lemon kwalba. Gyaran shi ne malmala ta ragu, miya da ganye su ƙaru, wake ko ƙwai ko kifi ko nama su samu shiga gwargwadon hali, domin wake da ganye suna daɗewa a ciki, suna hana yunwar dare da ke tura mutum ga cin abin da ya samu. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen magi yana cikin wannan lissafi domin gishiri ne ya fi yawa a cikinsa, shi ya sa mai hawan jini za ta amfana idan ta dogara da daddawa da albasa da citta da tafarnuwa wajen ɗanɗano. Hukumar ta kuma ce a ci aƙalla giram 400 na ganye da 'ya'yan itatuwa a rana, sukarin da ake ƙarawa kuma kada ya wuce kimanin giram 50, adadin da babbar roba ɗaya ta lemo take iya cinyewa ita kaɗai. Babu buƙatar sikeli a madafa. Gwanda ko goba ko kankana a lokacinsu, da ganye a abincin rana da na dare, sun kusantar da ke ga abin da ake nema.

Abu guda da nake ganin ya fi kowanne cutarwa a tsarin da kika bi shi ne ya raba ki da kwanon iyalinki, kina girka musu kina kallo, sannan ki ci a tsaye a ɓoye bayan kowa ya kwanta. Abu Dawud da Ibn Majah sun ruwaito cewa wasu sahabbai sun kai kuka cewa suna ci ba sa ƙoshi, sai Annabi ya ce wataƙila kuna ci a rarrabe, ya umarce su da su haɗu a kan abincinsu, su ambaci sunan Allah, za a sa musu albarka a ciki. Ki zauna da 'ya'yanki a lokutan da aka sani, ki yi bisimilla, ki ci da dama daga gabanki, ki tauna a natse, ki ɗaga hannu tun kina da sauran sha'awa kaɗan. Ranar biki ko suna da kika ci fiye da kima ba ta wajabta miki kaffara ko kwana da yunwa washegari, sai dai ki koma ga ma'auninki a abinci na gaba. Idan jirin ya ci gaba bayan kin koma cin abinci yadda ya kamata, ki koma asibiti ki faɗa musu, tare da sunan shayin da kika sha.

Wallahu a'alam.