Wutar jakar iska ta ƙi mutuwa, in bari a kashe min ita?

Tambaya: Injiniya, na sayi mota 'yar Kwatano. An rubuta SRS (alamar inda jakar iska take) a sitiyari, da gefen kujeru, da saman ƙofofi, amma jar wutarta ba ta mutuwa a dashbod. Mai wayarin ya ce aikin minti goma ne ya kashe ta. Da ita nake kai yara makaranta, hankalina bai kwanta ba. (Mai karatu daga Zariya)

Amsa: Malam, gara da hankalinka bai kwanta ba. Jakunkunan nan kowace da aikinta. Ta sitiyari da ta dashbod suna tare kai da ƙirji idan an yi taho-mu-gama. Ta gefen kujera tana kare haƙarƙari idan an buge ka daga gefe, don haka kada ka lulluɓe ta da rigar kujera mai kauri. Ta saman ƙofa tana saukowa kamar labule ta rufe gilashi, ta kare kai. Duk suna buɗewa cikin ƙasa da kashi 1 cikin 10 na daƙiƙa, kuma mataimakan bel ne, ba madadinsa ba.

Sai maganar mai wayarin, abin da kullum ke ɓata min rai. Wutar nan ba ita ce cutar ba, saƙo ne daga kwamfutar mota cewa akwai matsala, kuma wataƙila jakunkunan ba za su buɗe ba ranar da ake bukatarsu. Abin da irinsa ke yi shi ne cire ƙwan, ko manna baƙin tef, ko jona ɗan ƙaramin abu da zai yaudari kwamfutar ta zaci jaka na nan. Mafi muni, wasu motocin da ake shigowa da su sun yi haɗari a Amurka, jakarsu ta riga ta fashe, wasu dillalai su cusa tsumma su ɗinke murfin su sayar. Wannan ha'inci ne da ran mutane, a ji tsoron Allah!

Sau da yawa matsalar ƙarama ce: soket ɗin ƙarƙashin kujera ya saki, ko wayar cikin sitiyari ta tsinke. Kai ta wurin mai na'urar bincike ya karanto lambar matsalar. Bayan gyara, idan ka murɗa makulli wutar ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ba ta kama ba sam, wataƙila an taɓa ta. Yara kuwa kujerar baya, da bel.