Windows ko Linux: amsa ga ƙanwarmu mai rubuta kundin digiri

Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin ce kin sayi laftof ta hannu ƙirar HP, mai RAM gig 4 da tsohuwar Core i5, Windows 10 ce a kanta kuma ta ƙi karɓar Windows 11. Wani ɗan ajinku ya ce ki goge komai ki sa Linux tunda kyauta ce, ke kuma kina ajin ƙarshe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kundi na gabanki, kina tsoron taɓa ta. Gyaran kwamfuta da buga takardu su ne sana'ata a nan cikin garin Sakkwato shekara da shekaru, kuma Windows da Linux duka ina aiki da su kullum, don haka ga abin da na gani.

Kuɗi shi ne abin da ake fara kawowa, amma a wurinmu ba shi ke raba gardama ba. Microsoft na sayar da lasisin Windows 11 Home dala 139. Ki mayar da shi naira, zai iya kamo kuɗin da kika sayi kwamfutar kanta. Mutum nawa ke biyan wannan a Mabera ko Arkilla? Kwamfutocin da ake kawo mini, ko dai lasisin da suka zo da shi daga waje ne a jikinsu, ko kuma an fasa manhajar an sa musu. Office kuwa kusan kullum fasasshiya ce. Kuma kafin mai fasawa ya yi aikinsa sai ya kashe Defender, wato manhajar da ke kare Windows daga cututtuka, sau da yawa ya kashe sabuntawa gaba ɗaya don kada a gano, ya miƙo miki ita a haka, ƙofa a buɗe. Saboda haka abin da muke aunawa a zahiri shi ne Windows da aka fasa aka cire mata kariya, da Linux da masu ita suka ce kowa ya ɗauka, ya kwafa, ya ba ɗan'uwansa. Ni kam wannan na da nauyi a zuciyata, domin haƙƙin mutane haƙƙi ne ko da suna Amurka.

Game da Windows 10 ɗinki: Microsoft ta daina tallafa mata ranar 14 ga Oktoba, 2025, sai dai ta buɗe ƙarin shekara ɗaya zuwa Oktoban 2026 ga wanda ya yi rajista. Kwamfutarki ba za ta mutu ba, za ta ci gaba da tashi tana aiki. Abin da ya tsaya shi ne facin da ake yi wa ramukan tsaro duk wata. Kada ki raina wannan. A watan Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe da yawa, har asibitocin gwamnatin Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali Microsoft ta fitar da facin ramin tun watan Maris. Waɗanda ba su sa ba su ne suka sha wuya. Ita kuwa Windows 11 tana neman abin tsaro da ake kira TPM 2.0, da injin Intel daga zubi na 8 zuwa sama, shi ya sa ta ƙi taki. Akwai dabarar tsallake wannan shinge, masu gyara da yawa na yi, amma a kan RAM gig 4 za ki buɗe burauza da Word kawai ki ga tana jan ƙafa, kuma Microsoft ba ta yi alkawarin ci gaba da ba irin wannan kwamfuta sabuntawa ba.

To, ita Linux ba abu ɗaya ba ce. Wani ɗalibi ɗan ƙasar Finland, Linus Torvalds, shi ya fara rubuta zuciyarta a 1991, ya bar rubutun a fili kowa ya duba ya gyara, daga nan jama'a daban-daban suka riƙa haɗa tasu. Idan wayarki Android ce, kin daɗe da Linux a jakarki, domin a kanta aka gina ta. Don kwamfuta irin taki, Linux Mint nake sa wa mutane. An gina ta ne a kan wata Linux ɗin mai suna Ubuntu, ita kuma Ubuntu wani ɗan Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth, ya kafa ta a 2004, kuma duk shekara biyu suna fitar da zubi mai tallafin shekara 5. Fuskar Mint ta yi kama da Windows 7, maɓallin farawa a ƙasa hannun hagu, ba za ki ɓata ba. Ki nemi samfurin da ake kira Xfce, shi ya fi sauƙin nauyi.

Inda na fi ganin amfaninta a garin nan shi ne filash. Duk ɗalibin da ya taɓa kai aikinsa shagon buga takardu ya san cutar nan da ke ɓoye fayiloli ta bar inuwarsu kawai, ka danna ka ƙara yaɗa ta. Don Windows aka ƙera ta, a kan Linux ba ta iya tashi. Ina da tsohuwar kwamfuta ɗaya a shago mai Mint, duk filash ɗin da aka kawo a kanta nake fara soka shi, in ga fayilolin da aka ɓoye, in goge cutar da hannu kamar kowane fayil. Ɗalibai da yawa sun shigo da hawaye suna cewa kundinsu ya tafi, sun fita da shi. Ba wai Linux ba a iya cutar da ita ba ne. Wanda aka yaudara ya ba da lambar sirrinsa, kowace manhaja yake kai an gama da shi.

Sai zafi. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce 40, tsohuwar kwamfuta da ƙurar hunturu ta toshe wa fanka ba ta son aikin da ba a sa ta ba. Windows na yawan yin nata hidindimu a bayan fage, ki ji fanka na kuka ke kuwa ba ki buɗe komai ba. Mint ta fi zama shiru. Amma batir kam kada wani ya yi miki alkawari, na ga kwamfutar da ta fi daɗewa a kan Linux, na ga wadda ta fi daɗewa a kan Windows.

Batun data kuma fuska biyu gare shi. Mint ba ta sauke sabuntawa sai kin ce ta yi, ita Windows sai kin shiga kin nuna mata cewa datarki a ƙididdige take, in ba haka ba ta shanye miki ita cikin dare ɗaya. Sai dai a Linux kusan duk manhajar da za ki ƙara daga intanet za ki sauko da ita, ba kamar Windows da za ki je kowane shago a juye miki ba.

Yanzu ga inda Linux ke kasawa, kuma masu son ta ba su cika son a faɗa ba. Babu CorelDRAW a kanta, babu Photoshop, babu AutoCAD. Duk mai yin katin biki, kalanda, fosta ko allon talla a Sakkwato da CorelDRAW yake cin abinci, kuma masu manyan injinan bugu irin fayil ɗinsa suke nema. Akwai Inkscape da GIMP na zane da gyaran hoto a Linux, suna aiki ƙwarai, amma ban taɓa ce wa mai wannan sana'a ya bar Windows ba, ni ma kwamfutar zanena Windows ce. Na'urorin ɗaukar hoton yatsa da na yi rajista da su a shago, su ma duka manhajarsu ta Windows ce. Haka kuma idan kwamfuta mai Linux ta lalace, masu gyara kaɗan ne a garin nan za su zauna su duba. Mafi yawa fomatin za su yi mata su mayar da Windows, aikinki ya bi ruwa. Mac ban sa ta a lissafi ba, tunda a kan kwamfutocin Apple kaɗai aka halatta ta, kuma ba ita ke hannunki ba.

Abin da ya fi shafarki shi ne Word. Mint na zuwa da LibreOffice, yana buɗe fayil ɗin Word yana kuma adanawa a tsarinsa. Rubutu zalla, babi-babi, da jera manazarta ta hanyar manhajar Zotero, duk lafiya lau. Matsalar na fitowa ne a teburori masu sarƙaƙiya, da lambobin shafi, da salon haruffa: sashenku zai ce Times New Roman, ita kuwa Mint ba ta zuwa da shi sai kin sa, sai ta musanya da wani mai kama da shi. Ki sa haruffan Microsoft tun ranar farko, kuma duk abin da za ki kai bugu ki mayar da shi PDF, ta haka shafi ba ya motsi. Idan malamin da ke duba aikinki yana yin gyara a cikin fayil ya dawo miki da shi, LibreOffice na nuna gyare-gyaren, amma ki riƙa dubawa da kyau kafin ki sake turawa. Idan kuma an wajabta muku manhajar ƙididdiga ta SPSS, ki tambaye shi ko zai karɓi sakamakon jamovi ko PSPP, dukansu kyauta ne kuma suna aiki a Linux. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da na Larabci ba matsala, kowacce daga cikin biyun tana da tsarin kibod ɗinsu.

Shawarata ta rataya ne kan lokacin da ya rage miki. Idan saura wata ɗaya ko biyu ki miƙa kundi, kada ki taɓa komai, ba a fafe gora ranar tafiya. Ki kunna Defender, ki yi duk sabuntawar da ta samu, ki ajiye kwafin kowane babi a imel ɗinki da kuma filash na daban, ki gama karatunki lafiya, sannan ki sauya. Idan kuwa yanzu kika fara babi na ɗaya, to ki gwada Mint ba tare da kin goge komai ba. Ki sauke ta, wajen gig 3 ce, a juye miki a filash mai gig 8 da manhajar Rufus, ki tayar da kwamfutar daga filash ɗin. Za ta buɗe cikakkiya ba ta taɓa Windows ɗinki ba. Ki gwada Wi-Fi da farko, domin wasu tsofaffin HP masu katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom sai an jona su da intanet ta igiya an sauko musu da direba, wato 'yar manhajar da ke sa katin aiki. Ki gwada sauti, ki buɗe babinki ki ga yadda ya fito. A filash za ta ɗan yi nauyi, ba haka take ba idan an girka ta.

In ta yi miki, a girka ta gefe da Windows, duk lokacin da kika kunna ki zaɓi wadda za ki shiga. Za ki iya ganin agogon Windows ya koma baya da awa ɗaya bayan kin fito daga Linux. Ba lalacewa ba ce, saiti ɗaya ke gyara shi. Kuma in da ɗan hali, kafin komai ki sa wa kwamfutar SSD, wato ma'adana mai sauri, a madadin tsohuwar ma'adanarta, ki ƙara RAM ya kai gig 8. Wannan zai sauya kwamfutar fiye da duk wata manhaja da za ki zaɓa.

Ki juya ta ki duba lambar samfurin da ke ƙasanta ki turo nan, tare da sashen da kike da kuma watan da za ku miƙa kundi, in sha Allah zan faɗa miki ko katin Wi-Fi ɗinta zai ba da wahala da irin RAM ɗin da za ta karɓa.