Tambaya da Amsa: Ta yaya makarantarmu za ta samu tallafin kamfanoni a fannin kimiyya da lissafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin lissafi ne a wata lise da ke wajen Garwa. Muna da ɗalibai 'yan seri C da D, amma ɗakin gwaje-gwajenmu suna kawai ya rage masa. Muna ta jin cewa manyan kamfanonin duniya na zuba kuɗi a ilimin kimiyya da lissafi. Da gaske ne? Kuma ta wace ƙofa irin makarantarmu za ta samu rabo?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Da gaske ne, abin ma ba yau ya fara ba. A Amurka, kamfanin Westinghouse ya ɗauki nauyin gasar binciken kimiyya ta ɗaliban sakandare tun 1942, Intel ya karɓa a 1998, sannan kamfanin magunguna na Regeneron ya gaje shi a 2017 da alkawarin dala miliyan 100 cikin shekara goma. A 2007 ExxonMobil ya ba da dala miliyan 125 don inganta koyar da lissafi da kimiyya a can. A Birtaniya kuwa, a 2016 BBC ta haɗa kai da su ARM da Microsoft da Samsung aka raba wa yara kusan miliyan ɗaya wata 'yar na'ura mai suna micro:bit don koyon rubuta manhaja.

Ka lura da inda waɗannan kuɗi suka sauka: inda kamfani yake ɗaukar ma'aikata, yake kuma sayar da hajarsa. Ba sadaka ce zalla ba. Yana neman injiniyoyin gobe, da yaran da za su saba da kayansa, da suna, da kyakkyawar alaƙa da gwamnati. Wannan ba aibi ba ne, sai dai yana nufin wasiƙar da ka aika hedkwatar wani kamfani a Amurka da wuya a amsa ta.

Abin da ke isowa wajenmu yakan biyo ta gidauniyoyi. Gidauniyar Orange tana raba wa makarantu, galibi na firamare, akwati mai ɗauke da ƙaramar kwamfutar ajiyar darussa da tablet da na'urar haska hoto a bango, kuma yana aiki ba tare da intanet ba. Gidauniyar MTN ta buɗe ɗakunan kwamfuta a makarantun Kamaru. Kamfanin SAP ya ƙaddamar da Africa Code Week a 2015 don koya wa yara da malamai rubuta manhaja. Makwabtanmu na Chadi suna cikin ƙasashe 13 da yarjejeniyar Airtel Africa da UNICEF ta 2021 ta shafa, ta dala miliyan 57 cikin shekara biyar, don haɗa makarantu da intanet. Wanda ya fi kusa da sana'arka shi ne shirin horar da malaman lissafi na cibiyar nazarin lissafi ta Afirka (AIMS) da ke Limbe, wanda Gidauniyar Mastercard ta ɗauki nauyinsa.

Kafin ka roƙi kwamfuta, ka ji abin da ya faru a Peru. Gwamnati ta raba wa 'yan firamare kwamfutocin hannu dubu ɗaruruwa, amma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 ya nuna makin yaran a lissafi da karatu bai ƙaru ba. Yaran sun iya sarrafa na'urar, darasin kuwa yana nan yadda yake domin ba a sauya yadda malami ke koyarwa ba. A ganina, in an ba ka zaɓi tsakanin kwamfuta 40 ba horo, da guda 15 tare da horar da malamai da kuɗin gyara na shekara uku, ɗauki na biyun. Kyautar kwamfuta kamar kyautar doki ce: mai bayarwa ya tafi, harawa a wuyanka take.

Harawar nan ta farko ita ce wuta. Kwamfutar hannu tana jan kusan wat 40. Guda 20 sun zama wat 800, in sun yi awa 5 a yini sun ci kilowat-awa 4. A yankinmu ana lissafi da kusan awa 5 na rana mai ƙarfi, a cire kashi 30 cikin ɗari na asarar zafi da ƙura da waya, sai ka ga ana bukatar faifan sola huɗu masu wat 300. Kwamfutar tebur da allonta kuwa tana iya jan wat 150, wato kusan ninki huɗu, don haka tsofaffin kwamfutocin ofis da ake kawowa kyauta sukan fi sababbi tsada a ƙarshe. Batir mai ruwa shi ne ke fara mutuwa: duk ƙarin digiri 10 sama da 25 yana rage kusan rabin kwanansa, ka kuwa san yadda Garwa take a watan Maris da Afrilu. A ajiye batura a ɗaki mai iska, ba ƙarƙashin kwano kai tsaye ba. A riƙa share faifan sola duk mako lokacin hunturu. In wutar kamfanin lantarki za a yi amfani da ita, kada a jona komai sai an sa na'urar daidaita wuta.

Ɗakin gwaji ma haka yake. Ana kawo kwalabe da sinadarai a yi biki, bayan zango biyu sinadaran sun ƙare ko sun lalace, sai a kulle ɗakin. Ruwan oksijene yana sanewa da zafi, nitirat na azurfa yana baƙi in haske ya taɓa shi, shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai duhu. Bututun roba yana tsagewa da rani, gilashin madubin duba ƙananan halittu yana yin funfuna da damina in ba a rufe shi da abin tsotse danshi ba. Ka fi ba da ƙarfi ga kayan da ba sa ƙarewa kuma ake gyarawa a kasuwa: ma'aunin nauyi, mitar auna wuta, maganaɗisu, gilasan tattara haske, agogon auna daƙiƙa, kayan zanen lissafi na allo. Manhajar GeoGebra da gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado kyauta ne, ana sauke su sau ɗaya a yi ta aiki ba intanet.

Takardar neman ba da sunanka za ta fita ba. Shugaban makaranta ne zai sa hannu, shugaban ƙungiyar iyaye da malamai (APEE) ya mara masa baya, a bi da ita ta ofishin delege na ma'aikatar ilimin sakandare, domin gidauniyoyi sun fi son abin da hukuma ta sani. A rubuta da Faransanci, shafi biyu sun isa: yawan ɗaliban kimiyya, mata nawa ne a ciki, sakamakon jarrabawar Probatoire da Bak na shekara uku, hotunan ɗakin, takardar farashi daga 'yan kasuwa biyu, da abin da iyaye za su ɗauka, kamar ƙofar ƙarfe da albashin maigadi. A sa sunan malamai biyu ko uku da za a horar, saboda in ɗaya ne aka yi masa canjin wurin aiki, shi ke nan an rufe ɗaki. A fara da na kusa: ofisoshin kamfanonin waya, bankuna, kamfanin auduga na Sodecoton, kamfanin siminti na Cimencam da ke Figil. Gara takardar ta isa kafin ƙarshen shekara, lokacin da ake tsara kasafin shekara mai zuwa.

In an amince, kada a sa hannu sai an rubuta wa zai biya duwan, wato kuɗin kwastan, in kayan daga waje suke, wa zai gyara kuma har tsawon yaushe, yaushe lasisin manhaja da kuɗin intanet za su ƙare, wa ke riƙe da kalmar sirrin na'urorin, da ko za a tattara bayanan ɗalibai. Bayan wata shida a aika musu rahoto na shafi ɗaya: aji nawa suka shiga ɗakin, gwaji nawa aka yi, me ya lalace, nawa aka kashe wajen gyaransa.