Wane irin wasa ne DSA da Jamusawa ke raba dare a kansa?

Tambaya:

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Jamus, wata na bakwai kenan da zuwa. Akwai wasu 'yan ajinmu da duk daren Juma'a suke haɗuwa a ɗakin ɗayansu, su kewaye tebur da takardu da fensir da wasu 'ya'yan ludo masu fuska da yawa, wai suna yin DSA. Sau biyu suna gayyata ta ina zillewa, don ban san kan abin ba kuma ina tsoron kar caca ce. Don Allah mene ne shi, ya ake yinsa, daga ina ya fito?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Bari in fara cire maka abin da ya fi tsaya maka a rai, ba caca ba ce, ba a sa ko sisi, ba wanda ke ci ba wanda ake cinyewa. In ka ga kuɗi sun fito a teburin nan to na fiza ne da lemo.

DSA gajeren sunan Das Schwarze Auge ne, wato Baƙin Ido. Ka ɗauka tatsuniya ce amma wadda masu sauraro ba sa yin shiru. Mutum ɗaya, wanda suke kira Meister, shi ke riƙe da labarin, shi ne zai ce muku kun iso wani ƙauye da magariba ana ruwa, ga masauki ga wani tsoho a bakin ƙofa yana hararar ku. Sauran kowa yana da jaruminsa da ya ƙirƙira a takarda, wani mayaƙi, wani boka, wani ɓarawon birni, wani maharbi, sai kowa ya faɗi abin da nasa zai yi. Kai ka ce ni zan gaida tsohon in tambaye shi hanya, wani ya ce shi zai zagaya baya ya leƙa ta taga. In abin da za ka yi yana iya yiwuwa yana iya ƙin yiwuwa, nan ne ɗan ludo ke shigowa ya raba gardama. Shi kenan wasan a dunƙule, sauran duk ƙarin bayani ne, sai dai Jamusawa kam sun iya ƙarin bayani.

Asalin irin wannan wasa daga Amurka yake, Dungeons & Dragons da ya fito a 1974. A Jamus ma ba DSA ne na farko ba, Midgard ya riga shi tun 1981. Shi DSA a 1984 ya fito, Ulrich Kiesow ne ya tsara shi tare da abokansa Werner Fuchs da Hans Joachim Alpers, mutanen da suka kafa wani ƙaramin kamfani Fantasy Productions a Düsseldorf. Kiesow ɗin ya san harkar don yana cikin waɗanda suka fassara wasan Amurkawan zuwa Jamusanci. Abin da ya ɗaga DSA sama da sauran shi ne wanda ya buga shi, kamfanin Schmidt Spiele tare da maɗaba'ar Droemer Knaur, su kuwa Schmidt kayansu na cikin kowane shagon kayan wasan yara a ƙasar, kusa da ludo da su kati. To ka ga yaron da ke wani ƙauye a Bavariya ba sai ya san wani shago na musamman ba, kakarsa ma za ta iya saya masa a kwali lokacin Kirsimeti. Haka aka yi tsara guda na Jamusawa suka taso da shi, har yau in ka ce wasan kwaikwayo na kan tebur a Jamus da yawa DSA ne ke fara zuwa musu a rai ba na Amurka ba.

Bugun farkon nan abin dariya ne in ka gan shi yanzu. Halayen da ake auna jarumi da su biyar kacal, irin jarumai biyar, kuma tsafe-tsafen bokayen duk da amsa-amo aka rubuta su kamar waƙar yara, na kunna haske misali Flim Flam Funkel. Har da wani kwali da aka saka takunkumin fuska a ciki don mai ba da labarin ya sa. In ka ambaci wannan takunkumi a teburinku ka ga yadda za su fashe da dariya.

Daga nan aka yi ta sabuntawa, bugu na biyu 1988, na uku 1993, na huɗu 2001, na biyar 2015. Kiesow ya rasu a 1997, a shekarar kuma Schmidt ya karye, sai Fantasy Productions suka ci gaba da shi, daga 2007 kuma ya koma hannun Ulisses Spiele waɗanda ke buga shi har yanzu. Tambaya ta farko da za ka yi wa abokanka ita ce wane bugu suke yi, don 'yan na huɗu da 'yan na biyar har yau ba su gama musu ba. Na huɗun ya yi kaurin suna wajen yawan dokoki, ƙirƙirar jarumi kaɗai kan iya cinye yamma guda. Zan yi maka bayani da na biyar tunda shi ne a kasuwa.

Jaruminka yana da halaye takwas: ƙarfin zuciya, kaifin basira, saurin fahimta, kwarjini, iya sarrafa yatsu, zafin nama, juriyar jiki, da ƙarfi. Kowanne da lamba, ga sabon jarumi yawanci tsakanin 8 da 14. Ɗan ludon da aka fi jefawa mai fuska 20 ne, kuma a nan ƙaramar lamba ake so, saɓanin wasan Amurkawa da babba ce mai kyau. Kana so abin da ka jefa ya yi daidai da lambar halinka ko ya gaza ta.

Yanzu ga abin da ya sa DSA ya zama DSA. Kowace ƙwarewa, hawa ne, iyo ne, ciniki ne, ƙarya ce, an ɗaure ta da halaye uku, don haka 'ya'yan ludo uku za ka jefa ba ɗaya ba. Bari mu yi a aikace. Jaruminka zai haura katangar wani gida cikin dare. Hawa yana buƙatar ƙarfin zuciya da zafin nama da ƙarfi, mu ce naka 12, 13, 11, sannan ƙwarewarka a hawa maki 6 ce. Ka jefa na farko ya ba ka 14, ka zarce 12 da biyu, sai ka biya biyun daga makinka shida, saura 4. Na biyu ya ba ka 9, lafiya lau ba ka biya komai. Na uku 13, ka zarce 11 da biyu, saura 2. Tunda makin bai ƙare ba ka hau katangar, amma da ƙyar, irin hawan da za ka sauka da wando a yage. Da a ce na ukun 17 ya ba ka, kana buƙatar shida ga shi huɗu suka rage, ka faɗo kenan kuma ƙila karen gidan ya farka. Abin da ya rage maka shi ke nuna ingancin aikin, daga 0 zuwa 3 mataki na ɗaya, 4 zuwa 6 na biyu, haka har mataki na shida. In biyu daga cikin ukun suka ba ka 1 ka yi abin bajinta, in biyu suka ba ka 20 kuwa sai dai Allah ya kyauta, nan ne Meister zai yi murmushi.

Mutane na zagin tsarin nan cewa yana da jinkiri, kuma gaskiya ne, daren farko za ka ji kamar jarrabawar lissafi ka zo. Amma ni ina sonsa saboda jifa ɗaya tana ba ka ɗan labari. A misalin nan ka ga a ƙarfin zuciya ka fara tuntuɓe, wato jarumin naka ya kalli tsayin katangar gabansa ya faɗi, ƙwarewa ce ta cece shi. Mai ba da labari da ya iya aikinsa zai ɗauki wannan ya faɗa muku haka.

Faɗa kuma ɗan ludo ɗaya ne, mai kai hari ya jefa, wanda aka kai wa ya jefa don karewa ko gocewa, in ta same shi a jefa ɗan ludo mai fuska shida na rauni a cire abin da sulke ya tare. Bokaye suna da makin tsafi da ke ƙarewa, ba sa yin abin da suka ga dama. Bayan kowane labari a raba muku makin kasada ku sayi ƙarin ƙwarewa da shi.

Amma in gaya maka gaskiya, ba dokokin ne suka riƙe mutane shekara arba'in ba, duniyar ce. Sunan nahiyar Aventurien, a wata duniya Dere, wanda harufan kalmar Erde ne ta Jamusanci, wato ƙasa, aka juya. Nahiyar ƙarama ce, wajen kilomita 3000 daga arewa zuwa kudu, amma an cusa mata komai. A tsakiya akwai daular Mittelreich da babban birninta Gareth, Jamus ce ta zamanin sarakuna da mahaya dawaki, sarauniya Rohaja ke mulki. Kudu maso yamma Horasreich, kamar Italiya da Faransa na zamanin gayu da makirci a fada. Thorwal 'yan fashin teku ne irin na arewacin Turai, Bornland ta yi kama da Rasha da ƙasashen Baltik, Al'Anfa birnin cinikin bayi ne a can kudu, ga kuma wasu ƙananan masarautu biyu Nostria da Andergast da suka shafe ɗaruruwan shekaru suna faɗa da juna kan abin da bai taka kara ya karya ba, su ne abin tsokanar kowa. Shi Baƙin Idon da aka sa wa wasan sunansa wani dutsen tsafi ne da ake hango nesa ko abin da ya wuce a cikinsa, kuma za ka iya shekaru kana wasan ba ka gamu da ko ɗaya ba. Da aka zo kai shi Turanci sai aka ce The Dark Eye, don baƙin ido a Turanci idon da ya sha naushi ne.

Abin mamakin shi ne tarihin wannan duniya yana tafiya. Tun 1985 ake buga wata jarida Aventurischer Bote da ke kawo labaran cikin nahiyar kamar da gaske, wane sarki ya mutu, ina yaƙi ya ɓarke. Suna da kalandarsu da ke ƙirga daga faɗuwar birnin Bosparan, yanzu sun haura shekara ta 1040, wata goma sha biyu masu kwana talatin talatin sai kwana biyar na ƙarshen shekara da kowa ke tsoro. A shekarun 1990 aka yi dogon labarin dawowar mugun boka Borbarad wanda ya ɗau shekaru ana bugawa kashi kashi, ya cinye gabashin daular, kuma duk wanda ya yi wasan a lokacin yana ba da labarinsa kamar tsohon soja. Har masu karanta jaridar aka taɓa raba wa ƙananan sarautu a cikin daular suna rubuto abin da ke faruwa a garuruwansu. Wannan shi ne daɗinsa kuma shi ne matsalarsa, don za ka haɗu da wanda ya haddace sunan giyar kowane gari da kuɗin kowace ƙasa, ka faɗi abu ya ce a'a ba haka yake a littafi ba. Kar wannan ya karya maka gwiwa, ba wanda ya karance shi duka.

Akwai abu biyu da gara ka ji daga bakina kafin ka zauna. Na farko, mutanen Aventurien a cikin labarin suna da alloli goma sha biyu na ƙirƙira, su Praios da Rondra da Boron, da na goma sha uku marar suna wanda shi ne mugun, watannin ma sunayensu suka ci. Ba wanda ke bauta musu a teburin, kayan labari ne kamar dodo a tatsuniya, amma za ka ji ana ambatonsu sosai. Ni ba malamin addini ba ne, in ranka bai kwanta ba ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa, kuma ba dole ka ɗauki limaminsu ko boka a matsayin jaruminka ba. Na biyu, akwai hamadar Khôm da mutanenta Novadi masu bautar ubangiji ɗaya Rastullah da dokoki 99, har da halifa. Kana gani ka san daga ina aka kwaso su, kuma an zana su ne da idon Bature na shekarun 1980, rawani da takobi da zafin kai. Haka mutanen dajin kudu, tsofaffin littattafan sun nuna su a yanayin da ba zai yi maka daɗi ba. Jamusawan kansu suna muhawara a kan wannan. In wani ya ce tunda kai ɗan Afirka ne ka ɗauki Novadi, kana da damar ka ce a'a kai wadan dutse mai gemu da gatari kake so.

In kana son leƙa duniyar kai kaɗai kafin Juma'a, an yi wasannin kwamfuta da ita, tsofaffin ukun nan na 1992 da 1994 da 1996 da aka sayar a waje da sunan Realms of Arkania, sai Drakensang na 2008, da Blackguards na 2014. Littafin dokokin bugu na biyar ma akwai shi da Turanci tun 2016 in Jamusancin ya yi maka nauyi.

Shawarata dai ka je. Ka ce wa Meister ya ba ka jarumin da aka riga aka shirya, mayaƙi ko maharbi, kar ka taɓa boka a daren farko don lissafinsa ya fi yawa. In ma da hali ka ce jarumin naka baƙo ne daga wani lungu da bai san kowa ba, ka ga duk tambayar da ka yi ta zama cikin wasa, ba wanda zai ce ka cika tambaya. Ka tafi da fensir da abin gogewa, 'ya'yan ludo za su ara maka, kuma ka ci abinci kafin ka fita don zama ɗaya awa huɗu zuwa biyar ne in sun yi sauri.