Koyar da yara ginin tukwane a lokacin hutu: a zuba kuɗin adashi ko a dakata?

Wata baiwar Allah daga wani ƙauye a yankin Wudil ta aiko da tambaya ta hannun 'yarta. Ta ce ginin tukwane ta gada wurin kakarta, amma ciniki ya ja baya tun da roba da tukunyar ƙarfe suka cika gidaje. 'Yar ce ta gani a Facebook cewa a Ingila da Amurka akwai wuraren ginin tukwane na unguwa da ke karɓar yara a dogon hutu, iyaye su biya a koya musu. Kwasar adashinta ta kusa, naira dubu 200, tana so ta kafa rumfar kwano, ta sayi injin juya yumɓu, ta buɗe aji a watan Agusta. Ta yi ko ta bari?

Hajiya, sannu da ƙoƙari. Dabarar tana da kyau, amma kada ki taɓa kuɗin nan tukuna, domin lokacin da kika zaɓa shi ne zai fara kayar da ke.

Su can dogon hutunsu yana zuwa ne da zafi, kuma da tanderun lantarki suke gasa kaya a cikin ɗaki, ruwan sama bai dame su ba. Mu namu hutun, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, tsakiyar damina ne. Kin fi ni sanin abin da Agusta ke yi wa ɗanyen gini. Tukunyar da za ta bushe cikin 'yan kwanaki da rani sai ta yi ta zama a ɗaka tana naso, in kuma aka yi gaggawar kai ta wuta da sauran laima a jikinta, sai dai a ji ta fashe. Ramin yumɓu ya cika da ruwa, kara ya ƙare, kashin shanu ya jiƙe. Yaron da ya gina asusunsa da hannunsa, aka ce masa ya fashe a wuta, da wuya ya dawo, uwarsa kuma ba za ta ƙara biya ba.

Sannan ki dubi su yaran. A watan nan ɗan ƙauye yana gona ko yana yankan ciyawa, da safe allo, da yamma Islamiyya. Uban kuwa rumbu ya yi ƙasa, ɗan abin da ke hannunsa na taki ne da na cefane. Ba na jin maƙwabcinki zai ba ki kuɗi don ɗansa ya yi wasa da laka, abin da yake yi kyauta a bakin kududdufi. Wasu ma har yanzu kallon sana'ar gidan wasu suke yi wa ginin tukwane. Mai biya yana cikin gari: makarantun kuɗi na Wudil, na Gaya, har na cikin Kano, waɗanda ke neman abin da za su nuna wa iyaye a matsayin aikin hannu.

Da ni ne ke, hutun Disamba zan jira. An yi kaka, kuɗi sun shigo hannun mutane, kara ga shi nan birjik, iska a bushe. Sai dai a shanya kayan a inuwa a lulluɓe, don hunturu na tsattsaga yumɓu in ya bushe da sauri. Kafin nan ki gina ƙananan abubuwa guda goma, asusu, kaskon turaren wuta, 'yar tanda mai gida uku, 'yarki ta ɗauke su ta kai wa shugabannin makarantu biyu ko uku. A gaya musu za ki zo da yumɓu kwaɓaɓɓe, ki zauna da yara kwana uku, ki tafi da abin da suka gina ki gasa a gida, ki dawo da shi kowanne da alamar mai shi a gindi. Kin ga ba ki biya rumfa ba, wuta ma ba ta kusanci ɗan kowa ba.

Lissafin ga yadda za ki yi shi. A ce yara 15, kowanne naira dubu biyu, dubu 30 ke nan. Ki cire kuɗin mota zuwa da dawowa, da na mai haƙo yumɓu, da makamashi, da ladan maƙwabciyar da za ta taya ki, don mutum ɗaya ba ya iya lura da hannuwa talatin. Ki kuma saka kwana ukun da ba ki gina na kasuwa ba, domin wannan shi mata suka fi mantawa. In abin da ya rage bai kai ribar randunan da za ki kai kasuwar Wudil ranar Juma'a ba, ki ƙara farashi ko ki haƙura da wannan makarantar. Rabin kuɗin kuma a ba ki shi kafin ki kwaɓa yumɓu. Ki gina 'yan asusai na ajiya, saboda dole wani ya fashe.

Batun inji kuwa, ki manta da shi a bana. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, da hannu ta yi suna wajen gini kafin ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Michael Cardew, wani Baturen Ingila maginin tukwane, a 1954, a garin da ake kira Suleja yanzu, inda ta koyi juyawa a kan inji. Ki ajiye takardar ashirin ɗin nan a jaka, ki fito da ita ranar farko ki nuna wa yara, ki kuma nuna wa shugaban makaranta in ya fara taurin ciniki.

Kuɗin adashin ki ware dubu 20 kawai don wannan gwaji, sauran su zauna a jarinki na randa da tulu, waɗanda za a nema da zarar zafin Maris ya kama. In makarantar ta sake kiran ki da kanta a hutun Afrilu, ki rubuto mu zauna kan maganar rumfa.