Amsa: Faifan kwamfutar shago ya fara ƙara

Ɗan'uwa, ka ce lissafin shagonka da sunayen masu bashi duk suna cikin kwamfuta ɗaya, yanzu kuma tana ƙas-ƙas in ka kunna ta, kana neman mafita.

Wannan ƙarar ta ɗaga min hankali. Yawanci allurar da ke karanta faifan ajiya ce ke kokawa, kuma kowace kunnawa na iya ƙara kankare saman faifan. Yau ɗin nan ka kwafe fayil ɗin bashi da na ciniki zuwa filash, hotuna su jira. Sannan ka kashe ta har a sauya faifai.

Daga nan ka riƙa ajiye kwafi uku: ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya a intanet. Google Drive na ba da 15GB kyauta, fayilolin Excel kuwa ba su da nauyi, ko datar waya ta isa. Faifan wajen nan, don Allah kada ka bar shi a jone. Ka kwafa ranar Juma'a, ka zare, ka tafi da shi gida, domin gobarar kasuwa ko ɓarawo ko wutar NEPA mai ƙarfi ba za su bar maka ɗaya ba in suna wuri guda.

Bayan an sauya faifan, ka saka manhajar CrystalDiskInfo mai nuna lafiyar faifai da launuka, kyauta ce. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja a sauya nan take. SSD, wato nau'in faifan da ba shi da allura, shi ma yana mutuwa, sau da yawa ba sanarwa.

Duk wata ka buɗe kwafin a wata kwamfutar, ka tabbatar lissafin jiya yana ciki.